Ƙarfe a Ramin Dukhan

Sallama gare ku masu bin labarin nan. Ga wadda ta shigo yau, sunana Sabuwa, ɗiyar Usta Ɗayyabu mai boksi a Mai Wurno, kuma ni ce Uzairu ɗan garin Abu Na'ama yake nema da aure. Na ga saƙonninku. Da yawa kun ce in bi maganar uwata in kama bakina har a ɗaura. Wata ma ta rubuto cewa babu macen da ba ta da abin da take ɓoye wa miji. To ku karanta abin da ɓoyo ya jawo mana ranar Laraba, sannan ku sake ba ni shawarar in kun iya.

Boksin Baba, wato farar a-kori-kurar da ke kai ayaba da albasa Sennar, ita ke ciyar da gidanmu. Tun kafin a haife ni babu baƙon hannun da ya taɓa kwance mata noti. Duk unguwa an sani, har kirari ake yi masa da shi, shi ya sa ake ce masa Usta, wato gwanin aikin hannu. Abin da ba a sani ba shi ne tun bara hannuwan Baba suka fara rawa. A kan sitiyari suna natsuwa, amma ba ya iya ɗora sufana a kan noti. Ya daina shan shayi a gaban mutane. In ya fita, hannuwan suna cikin aljihun jallabiya. Yayana Bilyamin yana arewa wajen haƙar zinari, sai ya zama Baba ke zama kan kujera yana faɗa, ni kuma ina kwance ƙarƙashin mota ina yi, bayan an sa wa ƙofar gida sakata.

Ba na jin kunyar aikin. Inna ce ke ji.

"Wa za shi ɗauki mace mai warin giris?" Kullum maganar ke nan. Kowane dare sai ta zaunar da ni ta goge mini hannu da lemun tsami da sukari. Ranar da dangin Uzairu suka fara zuwa, a gabana ta ce wa Gwaggo Ma'u, ƙanwar mahaifinsa wadda ta raine shi, wai hannuna bai san komai ba sai tuyar wainar kisra da Alƙur'ani. Na sunkuyar da kai na yi shiru. Ƙarya ce, kuma shiruna ya shiga cikinta. Ba zan sa mata wani suna ba.

Motar ta daɗe tana ƙorafi. In ta faɗa rami sai ka ji ƙwal-ƙwal daga gaba, sitiyari yana fizga dama, tayar gaba kuma ta cinye ta ciki. Baba ya ce jilba ce, wato robar da ke cikin idon magas, ƙarfen nan da ke riƙe da tayar gaba. Ya sayo sababbi a Sennar ya shigo da su cikin buhun albasa.

Da sanyin safiyar Laraba na sa tsohon wandon Bilyamin da wata riga da ta ga duniya, na ɗaure kaina tamau. Muka tare tayoyin baya da bulo, na ɗaga gaban da jak, na tura kututturen gawo ƙarƙashinta, domin Baba ba ya yarda rai ya dogara da jak kaɗai. Na cire taya. Notin farko ya ƙi motsi sai da na zura wa sufanar bututu na taka da ƙafa.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Uzairu ne.

"Sabahal khair, Sabuwa. Me ake yi?"

Na goge yatsa a wando na rubuta, "Ina taya Inna aiki."

"Allah ya yi albarka. Yau akwai abin mamaki."

"Me?"

Ya turo fuskar dariya kawai. Ban bi ta kai ba, hankalina yana kan noti.

Kafin hantsi magas ya fito. Tsohuwar robar ta tsattsage, amma ta manne cikin idon kamar tare aka ƙera su. Na buga guduma har kafaɗata ta yi tsami.

"Bari," in ji Baba. "Wagga sai wuta. A ƙone robar, sannan ki yanke zoben ƙarfen da ke kewaye da ita da zarto."

"A ina?"

Ya dubi katanga, na gane. In baƙin hayaƙi ya tashi a tsakar gidan maza, kafin ka ce wani abu maƙwabta sun taru a ƙofa, kowa da shawararsa, kowa yana son ya riƙe wa Usta ƙarfe. Waje ɗaya ne a gidanmu da hayaƙi ke tashi babu namijin da zai leƙo: ramin dukhan ɗin Inna, inda take turara jikinta, can bayan ɗakin girki, ƙarƙashin 'yar gajeriyar rumfa.

Inna ta tafi gaisuwar rasuwa a maƙwabta. Na ɗauki magas na zagaya. Na hura icen ɗalha a cikin tukunyar ramin, da ya kama na zura kan ƙarfen ciki, sauran tsawonsa yana kwance a ƙasa. Robar ta fara tafasa tana tsartuwa, hayaƙi baƙi ƙirin yana tuƙewa sama. Ta kusa cinyewa ke nan na ji salati a bayana.

"Inna lillahi! Sabuwa! Cikin ramina?"

"Inna, yanzu za ta ƙare."

"Ramin da uwata ta gina mini da hannunta? Ke da ubanki kun rantse sai kun kashe ni. Dubi fuskarki! Dubi wandonga!"

Ba ta rufe baki ba aka buga ƙofar mata, ƙaramar da ke ɓullewa lungu.

"Salamu alaikum, masu gida! Baƙi daga Abu Na'ama!"

Na san muryar. Inna ma ta sani. Abin mamakin Uzairu ke nan: ya sa gwaggonsa a mota ta kawo mana ziyara ba sanarwa. Kuma Inna da ta shigo ba ta mayar da sakata ba.

Ban taɓa ganin uwata ta yi sauri irin na ranar ba. Ta fizgo shamla daga kan igiya, wato bargon gashin nan mai kauri da ake lulluɓa da shi in an zauna dukhan. Ta danna kafaɗata na durƙushe a kan zoben tabarmar da ke bakin ramin, ta lulluɓe ni har wuya, ni da ƙarfen gaba ɗaya. Ta ɗaga gefe ta watsa ɓarɓashin ɗalha da sandal cikin wutar, ta goge mini goshi da bakin laffayarta.

"In kin motsa ban yafe ba."

"Inna, kin san abin da..."

"Shiru! Wa alaikumus salam, Hajja! Marhaba, marhaba!"

'Yan'uwana na Kano da Maraɗi, na san a wajenku turaren tsuguno ba wani abu ba ne. A nan ba haka ba ne. Dukhan na matar aure ne, ko amaryar da aka riga aka sa wa rana aka killace. Budurwa ba ta zama a ramin. In aka gan ta a kai, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: wa take gyara wa jiki? Uwata ta san wannan fiye da ni. Tsoro ne ya rufe mata ido, ta ɗauko babbar kunya ta lulluɓe ƙarama da ita.

Gwaggo Ma'u ta zagayo. Doguwa ce, laffayarta ruwan toka mai ɗigon fari, tabarau a kan hanci, kwandon gwaiba a hannu. Murmushin da ta shigo da shi bai kai rumfar ba. Ta tsaya. Ta dube ni daga wuya zuwa inda shamla ta taɓa ƙasa. Ta ajiye kwandon a hankali.

"Fadimatu, an sa rana ne ban sani ba?"

"A'a, Hajja, haba. Sanyi ne ya kama mata gaɓoɓi. Magani ne."

"Sanyi. Cikin watanga da ƙasa ke gasa ƙafa."

"Ai kin san yaran yanzu, ruwan ƙanƙara..."

"Ina kwana, Gwaggo," na ce, muryata tana shaƙewa.

Ta jawo kujera ta zauna daf da ni, ta gyara laffaya kamar mai shirin wuni. Inna ta ruga ta ɗora jabana, wato tukunyar kofi, ta dawo da tire tana zuba surutu: ya hanya, ya kogi, an fara yankan riɗi? Gwaggo ba ta ɗauke ido daga kaina ba.

Ƙarƙashin shamla kuwa azaba ce. Zafin ƙarfen yana bin ƙwaurina, zufa tana gangarowa bayana, hayaƙin roba yana fitowa ta wuyan bargon yana shiga hancina kai tsaye. Hawaye suka fara zuba ba da izinina ba.

Gwaggo ta shinshina. "Wane irin ɗalha ne wanga?"

"Sabon iri ne, daga kudu ake kawo shi," in ji Inna, ko ƙiftawa babu.

Ku ji fa. Matar da ba ta barin sallar walha, ƙarya uku ta jera kafin kofi ya tafasa. Haka abin yake, in ka fara sai ya riƙa neman ƙari.

"Ni ban iya zagaye-zagaye ba," Gwaggo ta ce. "Ɗana shina Abu Na'ama shina auna riɗi cikin rana. Ko zobe bai kawo gidanga ba tukuna. To ke, yarinya, wa kike yi wa wanga gyara? Faɗa mini sunansa in koma in gaya wa marayan Allah ya nemi wata."

Maganar ta fi wutar zafi. Na dubi Inna. Idonta yana roƙona, leɓenta yana cewa a'a ba sauti. Na san in na tashi na tona ta, na kuma tona Baba. In na zauna, kafin magariba sunana ya gama zaga Abu Na'ama, kuma irin wannan suna ba ya wankuwa.

Na yaye shamlar na miƙe.

Hayaƙin da ya taru ya tashi gaba ɗaya, Gwaggo ta ja baya tana tari. Ga ni tsaye cikin wandon namiji, giris har gwiwar hannu. Na naɗe tsumma a hannu na jawo magas daga ramin, kansa yana hayaƙi, na yar da shi a ƙasa tsakaninmu.

"Wannan nake gyarawa, Gwaggo. Ƙarfen motar Baba ne. Roba nake ƙonawa."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa.

Gwaggo ta daɗe tana duban ƙarfen. "Miƙo hannunki."

Na miƙa. Ta juya shi, ta shafa kantar da ke tafin, ta duba ƙarƙashin farce.

"Wanga ba aikin yau ba ne. Gidan Usta guda, ɗiya mace ke shiga ƙarƙashin mota? Ina hannun ubanta?"

"Ni ke so, Gwaggo. Sha'awa ce kawai, shi ma hana ni yake..."

"Sabuwa." Muryar Baba ce daga bakin zanan da ya raba gidan. "Kada ki ɗora wata kan waɗanda aka yi. Salamu alaikum, Hajja. A ba ni izini."

Ya shigo, ya tsaya gaban tiren. Ya fitar da hannuwansa daga aljihu, ya sunkuya ya ɗauki ɗan finjalin kofi da hannu biyu. Finjalin ya yi ta rawa, kofin yana zuba kan yatsunsa, kan jallabiyarsa fara. Bai ajiye ba sai da ya tabbata ta gani da kyau.

"Ga hannun ubanta," ya ce.

Wallahi da na san haka zai yi, da wataƙila na zauna cikin hayaƙin har in suma.

Gwaggo ta sassauta murya. "Allah ya ba ka lafiya, Usta. Ciwo ba abin kunya ba ne, kowa da ranarsa." Sai ta juya ga Inna, muryar ta koma yadda take. "Amma ni an zaunar da ni a gidanga an ce mini kisra da Alƙur'ani. Yau kuma an ce mini sanyi. Ban san mi za a ce mini gobe ba."

Ta miƙe. Ba ta taɓa kofinta ba. Inna ta bi ta har lungu tana "Hajja, don Allah, Hajja," ta dawo ita kaɗai.

Abin da Inna ta faɗa mini bayan nan ba zan rubuta ba, uwa ce. Ta shige ɗaki ta rufe. Baba ya taɓa ƙarfen da bakin takalmi.

"Ya huce. Ɗauko zarto."

Na yanke zoben da ya rage cikin idon, na fitar da shi da kurfi da guduma, na goge wajen da takarda mai yashi har ya yi haske. Na shafa wa sabuwar jilba ruwan sabulu, na zura dogon noti ta tsakiyarta da faifan ƙarfe gaba da baya, na yi ta ɗaurewa tana shiga kaɗan-kaɗan. Baba yana cewa, "A hankali, ta karkace, sassauta, yawwa." Ba mu yi maganar abin da ya faru ba.

Da la'asar na wanke hannu na rubuta wa Uzairu komai, tun daga bara. Na ƙare da, "Da safe da na ce ina taya Inna aiki, ƙarƙashin mota nake. Ka yafe mini." Alamar ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Daga nan shiru. Na kwana wayar tana kan ƙirjina.

Washegari na yi ɗaya gefen, wannan karon a tsakar gidan maza muka ƙona robar, Baba ya ce babu sauran abin ɓoyewa. Na mayar da ƙarfen biyu, na sa notocin ban ɗaure su tamau ba, na mayar da tayoyi, muka sauke motar ƙasa. Na shimfiɗa buhu na sake shigewa ƙarƙashi. Ina nan kwance aka yi sallama a babbar ƙofa, Baba ya je ya buɗe da kansa.

Daga inda nake ƙafafu kawai nake gani. Takalmin markub na fatar damisa, irin na dattawa, da baƙin sandal da na sani, domin ni na zaɓa masa shi ta hoto.

Mai markub ɗin Baffa Salihu ne, yayan Gwaggo Ma'u. Aka gaisa gajeriyar gaisuwa. Ya ƙi zama.

"Usta, mun zauna jiya. Maganar rami an bar ta, Ma'u ta rantse ba ta fita bakinta. Maganar ƙarya ma mun bar wa Allah. Saura ɗaya. Ba mu kai matar da ke kwanciya ƙarƙashin mota cikin zuri'armu. Daga yau ba ta ƙara taɓa ƙarfe, a gidanka ko a gidansa. Motarka kuwa mu za mu riƙa aiko maka makanike daga Sennar. In an yarda, Juma'a mu kawo zobe. In ba a yarda ba, kowa ya riƙe mutuncinsa."

Na ga ƙafafun Baba sun matsa kaɗan. Na san abin da kalmar makanike ta yi masa.

"Ba ni da bakin magana," ya ce. "Ga ta nan ƙasa. Ku tambaye ta."

Baƙin sandal ya matso. Uzairu ya durƙusa, farar jallabiyarsa tana shan ƙasa, ya leƙo. Idonsa ja, shi ma bai yi barci ba. Ya dubi fuskata, ya dubi sufanar da ke hannuna.

"Saƙonnin da kike turo mini da safe, daga nan kike turo su?"

"Daga nan."

"Duka?"

"Yawancinsu."

"Kin ɗauka in kin gaya mini gudu zan yi?"

"Ban sani ba. Ban gwada ka ba."

Sannan ya miƙo hannu, tafin a buɗe. "Kin ji Baffa. Ba ni abin nan ki fito, Sabuwa. A gama maganar."

Ina son mutumin nan, kada wata ta yi zaton ba na so. Hannuna har ya fara tafiya. Sai na hango Baba ta tsakanin tayoyi, ya mayar da hannuwansa aljihu.

"Ban gama ba," na ce. "Notocin nan ba a ɗaure su mota na rataye. Sai ta zauna kan tayoyinta da nauyinta, in ba haka ba robar ta murɗe ta yage kafin wata ya ƙare. Kuma Baba ba ya ɗaurewa sai da nauyin mutum a kujerar direba. Yau shi nake so ya tsaya nan ya duba mini. Ba zan bar shi da motar da ba ya iya gyarawa ba, Uzairu, yau ko bayan aure. In tafiya za ka yi, Allah ya kiyaye hanya. In kana nan, shiga ka zauna, nauyi nake buƙata."

"Kai, ji ɗiyar nan!" in ji Baffa Salihu. "Uzairu, tashi mu tafi."

Fuskar ta ɓace daga gabana. Ya miƙe. Na mayar da idona kan ƙarfen da ke saman hancina, na ɗora sufana kan noti. Ban ƙara duban ƙafafun kowa ba.

"Uzairu! Da kai nake!"

Na ji an ja ƙofar mota. Sai cikin motar ya sauko kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu, har ƙura ta zubo mini a fuska.

"Ya isa, ko in matsa gaba?" in ji Uzairu daga sama.

"Ya isa."

"To ɗaure."

Na ɗaure. Ina kan noti na biyu na ji Baffa Salihu yana cewa, "Ubanka ya bar mini kai amana. Tunda ka zaɓi kujerar, nemi wanda za shi karɓa maka aure, ba ni ba." Markub ɗin ya nufi ƙofa, bai yi wa Baba sallama ba, ya bar ta a buɗe, ga maƙwabta sun fara leƙowa.